Likitocin Waya na Birnin Dikko

A watan Agustan 2014, bayan Patrick Sawyer ya shigo Legas da cutar Ibola daga Laberiya, wani saƙo ya zagaya Najeriya cikin dare: a tashi kafin asuba a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma kurɓa. Ibola ko leƙo Katsina ba ta yi ba, amma gishiri ya yi kasuwa, masu hawan jini suka ji jiki. Tun daga nan, korona ce a 2020, amai da gudawa a 2021, ko mashaƙo a 2023, kafin hukumar yaƙi da cututtuka ta NCDC ta buɗe baki WhatsApp ya gama rubuta magani. Masu turawar kuwa kowa da abin da ke kai shi.

Sahun gaba na Alhaji mai neman lada ne. Ba ya karanta tsakiyar saƙo. Kai tsaye yake dira kan layin ƙarshe, inda aka ce a tura wa mutum goma don Allah. In ka ce masa labarin ƙarya ne, amsarsa a shirye take: "Ni dai yadda na samu haka na tura. In bai yi magani ba, ai ba ya cutarwa."

Hajiya ba ta rubutu, murya take aikawa. Rabin saƙon gaisuwa ne, ana tambayar yara da maigida da gajiyar biki, sannan a shiga harhaɗa magani: citta, kanumfari, tafarnuwa, lemun tsami, zuma, habbatus sauda, a tafasa a yi sirace. Ranar da shugaban Madagaska, Andry Rajoelina, ya fito da maganin koronarsa a Afrilun 2020, aka kuma ji cewa tazargade ne tushensa, Hajiya ta kira kowa ɗaya bayan ɗaya don a shaida cewa ita ta riga faɗa. Ni kam ba na iya yi mata dariya sosai. 'Ya'yanta sun watsu, wannan yana Abuja, waccan tana aure a Zariya, autan yana makaranta, an rufe hanyoyi, an hana zirga-zirga tsakanin jihohi. Hannunta ba ya kai gare su, sai muryarta. In ta ce a sha citta, nufinta a kira ta a ce mata kowa lafiya. Matsalar dai ita ce jikan da ke ta zazzaɓi kwana da kwanaki ana jiran sirace ya yi aiki.

Sai sarkin labari, wanda a kullum yake da ƙanin matar abokinsa a babban asibiti. Shi cutar ba ta dame shi ba, burinsa ya riga kowa. Yakan sanar da rasuwa, a jera addu'o'i, can sai mamacin ya leƙo zauren WhatsApp ɗin ya ce ga shi yana cin tuwo.

A teburin mai shayi na Ƙofar Ƙaura ko majalisar Ƙofar Soro za ka tarar da mai bankaɗo makirci. A 2020 ya rantse 5G ce ke kawo korona, alhali sai a 2022 aka kunna ta a Najeriya, shi kuwa a unguwarsu sai ya hau katanga kafin ya samu sabis. Amma kada a raina shi, yana da makami ɗaya na gaske: gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano lokacin sanƙarau na 1996. Da wannan gaskiyar guda yake jan ƙarya goma, kuma irin wannan zargin ne ya taimaka aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, cutar ta sake bazuwa har ƙasashen waje.

Ɗan kasuwa ba ya ɓata lokaci. Saƙonsa na farawa da gawa, ya ƙare da lambar waya da "ana kaiwa ko'ina."

Akwai kuma ɗan jami'a mai gyara, wanda ke bin kowane saƙo yana ƙaryatawa. Sau da yawa shi ke da gaskiya, sai dai ya faɗe ta ga kawunsa a gaban dangi. "Yaushe aka haife ka?" in ji Kawu. Kafin la'asar an cire shi daga zauren gida, sai ya je ya ba da haƙuri.

Wadda na fi tausaya wa ita ce ma'aikaciyar jinyar da ke cikin dangi. Abin da take turawa ba ya da armashi: a wanke hannu da sabulu, a tafasa ruwan sha, a kai yara rigakafi, kyauta ne. Babu mai kulawa. A ce yau ta gaji, ta sake rubuta shi kalma da kalma, ta ɗora masa "wani babban likita a Misra ya tona asiri," ta rufe da roƙon a tura don Allah, to kafin Juma'a saƙon zai zagaya Daura da Funtuwa ya dawo mata ta hannun surukarta, da ƙarin bayani: "Ke da kike aikin asibiti, ki karanta wannan ki ƙaru."