Wake Ya Gaji da Ɗaukar Laifi

A layinmu ba a taɓa samun babban mutumin da ya yi tusa ba. Da zarar iska ta canza a zaure sai kowa ya ɗaure fuska, a waiga a nemi yaron da ya fi kusa: "Kai, tashi ka ba mu wuri, marar kunya!" Yaro ya fita yana rantse-rantse, mai aikin na nan zaune yana jan carbi. Alhali likitoci sun ce lafiyayyen mutum kan saki iska sau 13 zuwa 21 a kwana guda, wata ma yana barci. Ku ninka wannan da yawan magidantan majalisarmu, ku gaya mini ko yara kaɗai za su iya.

In babu yaro a kusa, sai a koma kan wake. Shi kam yana da nasa. Akwai wani irin sukari a cikinsa da ƙaramin hanji ba ya iya narkarwa, sai ya gangara babban hanji, ƙwayoyin cutar da ke zaune lafiya da mu a can su yi walima, iskar ta taso. Sai dai yawancin wannan iska ba ta da wari. Abin da ke tarwatsa majalisa sinadarin farar wuta ne, wanda ya fi yawa a dafaffen ƙwai da nama da kabeji. Wake ƙara ce tasa. Mai ƙwai uku a teburin mai shayi, shi ne abin tsoro.

Dabarar rage iskar wake ma tsohuwa ce: a jiƙa wake ya kwana, a zubar da ruwan, a dafa da sabo har ya yi luguf. Mu kuwa gaggawa, sai a antaya kanwa. Tana sa shi saurin nuna, gaskiya ne, amma mai hawan jini ya yi hattara da yawanta.

Mu zo kan azumi, inda abin ya fi ban dariya. Ana kiran magariba za ka ga mutum ya aika ƙosai goma ba tauna, ya bi da kunu, ya kafa kai a lemon kwalba mai sanyi har sai ya ga gindinta, yana yi yana musun ƙwallo. Duk loma da iskarta, duk kurɓa da tata. Sai a tarawihi ka gan shi yana ratsa sahu yana dafe da ciki, ya nufi wajen butoci. Kafin a idar ya sake alwala sau biyu, gobe kuma ya ce alalen uwargida ce ta yi yawan mai. Da ya ci a hankali, ya ɗan taka zuwa bakin titi kafin isha'i, da an zauna lafiya. Masu cingam da masu sigari ma iskar suke haɗiya.

Madara kuma wani babi ne. Fulani makiyaya da yawansu cikinsu na narkar da ita har tsufa, mu kuwa da yawanmu da an girma sai ciki ya fara ƙugi in an zuba ta da kauri a shayi. Shi ya sa nono mai tsami ya fi mana sauƙi, don an riga an cinye wani ɓangare na sukarinsa tun a ƙwarya.

Abin da ba na so shi ne yadda muke laƙaba wa kowane ciwon ciki sunan olsa, a ruga kemis ko wajen mai amsa-kuwwa a kasuwa. Shayin citta da na'a-na'a ba laifi. Amma in kumburin ciki ya zo da jini a bayan gida, ko rama babu dalili, ko amai, ko ciki ya ɗaure tamau ba iska ba bahaya, wannan na asibiti ne, kuma a ranar.

Jiya Iya mai garau-garau ta ji muna wannan hira, ta ce duk wanda ke zagin wakenta ya fara biyan bashin da take bin sa. Majalisa ta yi tsit, sai wani ya ce a ƙara masa na ɗari biyu, ban da albasa.