Rauta da katangar kakanni

Ƙanena ya sayo sabuwar rauta mai layi biyu, ya kafa ta a zauren gidanmu na Ƙofar Kuyambana. Layin 5GHz akwai gudu, amma sai ka gurfana gabanta kamar almajiri gaban malam. Kana shiga soro na biyu, ya ɓace. Na 2.4GHz ya fi juriya, yana rarrafawa har tsakar gida, a nan katangar ƙasa ta tare shi. Ban ga laifinsa ba: jikokin waɗanda suka gina ganuwar Zazzau don tare mayaƙa ne suka yi ginin. Yanzu a zaure Hajiya take sauraron wa'azinta. Yaran maƙwabta da ke kan dakali kuwa sun fi mu samun sabis.