Wankan Zafi-da-Sanyi a Ƙasar Bokiti

Wankan zafi-da-sanyi shi ne mutum ya kwara wa jikinsa ruwa mai ɗumi na minti biyu ko uku, ya bi shi da mai sanyi na kamar rabin minti, ya yi ta sauyawa har ya rufe da na sanyin. Zafi yana buɗe ƙananan jijiyoyin jini da ke ƙarƙashin fata, sanyi kuma yana tsuke su. Masu yinsa suna cewa wannan buɗewa da tsukewa tana wartsake gajiya, tana kuma kore kasala.

A Turai al'adar ta yi ƙarfi. Wani limamin coci a Jamus, Sebastian Kneipp, ya wallafa littafi kan magani da ruwa a 1886, jama'a suka riƙa tururuwa garinsa don a tsiyaya musu ruwan sanyi da butar ban-ruwan lambu. Mutanen Finland kuwa daga ɗakin sirace suke fitowa su faɗa tafki. A 2016 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Holan da mutum fiye da 3,000. Waɗanda suka riƙa rufe wankansu da ruwan sanyi na daƙiƙa 30, 60 ko 90 har tsawon wata guda, fashin aikinsu saboda rashin lafiya ya ragu da kashi 29 cikin ɗari, amma kwanakin da suka ce sun yi ciwo ba su ragu ba. Wato ciwon yana nan, zuwa aiki ne ya ƙaru, labarin da ya fi yi wa masu gidan aiki daɗi.

Gwajin na Holan an tsara shi ne don shawa mai famfo biyu. A yawancin gidajen arewacin Kamaru kuwa bokiti da moɗa ne kayan aikin, kuma kowane gari da matsalarsa. A Garwa, cikin Maris da Afrilu, zafi yakan haura digiri 40, ruwan da ya wuni a duro da kansa yake ɗumama, don haka na sanyin ne ke wuyar samu. Banyo kuwa tana kan tudun Adamawa, sama da mita 1,000, a gindin Dutsen Jumbal. A hunturun Disamba da Janairu, ruwan da ya kwana a randa a tsakar gida ba ya buƙatar ƙanƙara.

Gwajin da marubucin wannan bayani ya gudanar a Banyo ya nuna inda tsarin yake da rauni. An ajiye bokiti biyu a banɗaki da asuba, na zafi a dama, na randa a hagu. Zagayen farko ya tafi lafiya har zuwa moɗar sanyi. Ita ce ta jawo abin da likitoci suka sani sarai: numfashi ya sarƙe, zuciya ta hau bugu, baki ya saki ƙara ba da izinin mai shi ba. Da yake kumfar sabulu ta rufe wa marubucin ido, kuma a cikin tsalle ya juya baya, dama ta koma hagu. Ya lalubi bokitin ceto, ya cika moɗa, ya sake sheƙa wa kansa ruwan randa. A tsalle na biyu ƙafa ta shure bokitin zafi, ya tuntsure.

Abin da masu binciken Holan ba su lissafa ba shi ne, a gidan Bahaushe ba a magana a banɗaki, balle ihu. Ihun banɗaki fassara biyu gare shi, maciji ko aljani. Maƙwabci ya shigo da gora. Uwargida tana daga bakin ƙofa tana cewa, "Maigida, lafiya?" Haƙora na haɗuwa, amsa ta ƙi fita, shirun kuma ya tabbatar da fassara ta biyu. Kafin ya fito ɗaure da zani, goggonsa ta riga ta zuba turaren hayaƙi a kasko. Da ya yi bayanin jijiyoyi da kashi 29 cikin ɗari, sai ta ce, "Ɗan nan, itace aka ƙona aka dafa maka ruwa, ka zubar, ka yi wanka da na randa, kuma ka ce lafiyarka ƙalau? A ƙara hayaƙin."

Ƙa'idojin da ake bi su ne: a bambanta bokitan ta yadda hannu zai gane su, a ɗauraye sabulu kafin a taɓa na sanyi, a fara daga ƙafa zuwa sama, a kuma sanar da mutanen gida tukuna. A surka na zafin kada ya ƙona fata. Sanyi na farat ɗaya yana ɗaga hawan jini, saboda haka masu ciwon zuciya ko hawan jini, da tsofaffi, da masu ciki, sai sun nemi shawarar likita. Zafin ma yana da nasa haɗarin: tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta wankan jego da kunun kanwa da gazawar zuciya bayan haihuwa. Mai zazzaɓi kuwa asibiti ya kamace shi, don babu bokitin da ke kashe ƙwayar maleriya.