Yabon Gwani Ya Zama Dole

Na ga masu wayon kasuwa a Kantin Kwari. Na ga dillalan shanun da za su karɓi la'ada a hannun mai saye da mai sayarwa, kowa ya tafi yana shi musu albarka. Amma duk cikinsu babu wanda ya kama ƙafar kamfanonin da ke buga mujallun bincike na jami'o'i. In dai ana maganar iya nema, sai a cire takalmi a gaishe da Elsevier na birnin Amsterdam, da abokan tafiyarsa Springer Nature da Wiley da Taylor & Francis. Ranku ya daɗe, manyan fatake!

Ga yadda cinikin yake, don masu son koyon sana'a. Gwamnati za ta ɗebi kuɗin talakawa ta ba malami ya yi bincike. Ya shafe shekara biyu ko uku yana fama, idonsa ya yi zuru-zuru, sannan ya rubuta maƙala ya miƙa wa mujalla kyauta. Mujalla ta tura wa wasu malamai biyu ko uku su tantance aikin, su ma ladansu yana wajen Allah. Da an amince, sai a turo wa marubuci takardar yarjejeniya ya sa hannu cewa haƙƙin mallaka ya bar hannunsa ya koma na kamfani. Daga nan laburaren jami'ar da ke biyan malamin albashi ya kawo kuɗi niƙi-niƙi don ɗalibansa su samu karanta abin da ya rubuta. Manomi ya yi huɗa, ya yi noma, ya yi girbi da sussuka, ya kai buhu ƙofar gidan alhaji, washegari kuma ya dawo da kuɗinsa a aljihu yana roƙon a auna masa mudu ɗaya. Ribar Elsevier ta daɗe tana haura kashi 30 cikin 100 na kuɗin shiga. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, kuma wannan kurar har godiya take yi.

Kada a manta da uban tafiya, Robert Maxwell, mai kamfanin Pergamon a Ingila. Shi ya hango cewa bayan Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatoci suna zuba dukiya a fannin kimiyya, kuma kowace maƙala ita kaɗai ce irinta. In tumatir ya yi tsada a wannan rumfa, sai ka matsa ta gaba. Binciken wane kuwa wuri ɗaya yake, ko ka biya ko ka haƙura. Maxwell ya yi ta buɗe sababbin mujallu kamar ana shuka gero, ya sayar wa Elsevier kamfanin a 1991 a kan fam miliyan 440. Bayan mutuwarsa a wannan shekarar aka gano ya yi awon gaba da kuɗin fanshon ma'aikatan jaridunsa, amma ba ma tona asirin mamaci.

Su ma malaman sun cancanci tafi. Ina aka taɓa ganin tawali'u irin nasu? Farfesan da zai tsare ɗalibi awa guda a kan waƙafi ɗaya, shi ne zai sa hannu a yarjejeniya bai karanta layin farko ba. Yana da hujja, bawan Allah: kwamitin ƙarin girma sunan mujalla yake dubawa. A jami'o'inmu na Najeriya ma yanzu tambayar da ake yawan yi ita ce, "Tana cikin Scopus?" Scopus ɗin kuwa mallakar Elsevier ne. Mai awo shi ne mai mudu, shi ne kuma mai hatsin. A ƙarshen 2013 kamfanin ya aika da takardun gargaɗi ga dandalin Academia.edu cewa a sauke maƙalun da marubutansu suka ɗora da hannunsu. Daidai ne. Ai sai an nuna wa mutum kuskurensa kafin ya gane yana iya zama ɓarawon abin da ya rubuta.

Sai dai ba a rasa butulu. A 2012 Timothy Gowers, masanin lissafi a Jami'ar Cambridge, ya ce ya daina yi wa Elsevier rubutu da tantancewa, dubban malamai suka bi sahunsa. A shekarar kuma laburaren Harvard, jami'ar da ta fi kowace dukiya a duniya, ya fito yana kukan tsadar mujallu ta fi ƙarfinsa. Ku ji rowa! Wata ɗaliba 'yar Kazakistan, Alexandra Elbakyan, ta buɗe Sci-Hub a 2011 tana raba miliyoyin maƙalu ba ko sisi. Kotu a New York ta yanke mata biyan Elsevier dala miliyan 15 a 2017, tarar da ta dace da aljihun ɗaliba. Malamai da yawa sun yi Allah-wadai da ita da rana. Abin da suke buɗewa a kwamfuta bayan isha'i, wannan tsakaninsu ne da Mahaliccinsu.

Doka kuma ba ta barci. Wani matashi, Aaron Swartz, ya sauke miliyoyin maƙalu daga rumbun JSTOR ta intanet ɗin jami'ar MIT. JSTOR ta karɓi kayanta ta janye, amma masu gabatar da ƙara na gwamnatin Amurka suka ci gaba da tuhumar da za ta iya kai shi kurkuku na shekaru masu yawa. Ya kashe kansa a Janairun 2013 yana da shekara 26. Maƙalun dai suna nan lafiya, ba wadda ta yi ƙwarzane.

Mutanen Laberiya ma sun shaida ingancin wannan tsaro. Tun 1982 wasu masanan Jamus suka buga binciken da ya nuna akwai alamun cutar Ebola a ƙasar. An adana gargaɗin da kyau a wata mujallar Turai, nesa da ƙura da hannun likitocin Monrovia. Sai a 2015, bayan annoba ta ci dubban rayuka, jami'an lafiyar ƙasar suka rubuta a jaridar New York Times cewa an yi gargaɗin amma bai iso gare su ba, kuma sauke maƙala ɗaya zai cinye wa likitansu albashin kusan rabin mako.

Da kuka ya yi yawa, sai kamfanonin suka nuna su masu tausayi ne. Kuna son kowa ya karanta kyauta? An gama. Yanzu marubuci ne zai biya. A 2021 mujallar Nature ta sa yuro 9,500 a kan maƙala ɗaya. Malaminmu ya lissafa albashinsa na wata nawa ke nan, ni kaina ba ya ɗaukar manyan lambobi. Akwai rangwame ga ƙasashe matalauta, a yaba musu, in ka yi sa'a sunan ƙasarku yana cikin jerin matalautan. A 2023 editocin mujallar NeuroImage sama da 40 suka ajiye aiki rana ɗaya don an ƙi rage dala 3,450 da ake karɓa. Sun tafi da iliminsu, sunan mujallar ya zauna wurin mai shi.

Saboda haka, Malam, in an turo maka takardar nan kada ka wahalar da idonka. Kada ka tambaya ko za ka iya ajiye kwafi a rumbun jami'arku, kada ka nemi riƙe haƙƙinka, wannan rashin kunya ne ga manya. Gangara ƙasan shafi ka danna wurin amincewa, laburare zai biya.