Hutun Bature da Mas'alar Anka

Daga cikin ɗabi'un mutanen Ingila akwai wata wadda duk mai hankalin da ya yi nazarinta sai ya riƙe baki. Mutum ya shekara yana aiki, a ba shi hutun mako biyu cikin watan Agusta, maimakon ya miƙe ƙafa a gidansa na jan bulo, wanda bai taɓa gusawa ko taƙi ɗaya ba tun zamanin kakansa, sai ya ɗora wani ɗan jirgin ruwa mai tafiya da iska, mai tsawon mita 6, bisa amalanken ƙarfe, ya ɗaura wa motarsa, ya ja shi tun daga Birmingham har gaɓar Dorset, sa'an nan ya ƙare hutun nan kaf yana neman dabarar da zai hana jirgin motsi.

Mai wadata ba shi da wannan wahala, don akwai tashoshin ƙananan jirage inda ake ɗaure jirgi jikin dakalin katako a kwana lami lafiya. Illa dai kuɗin kwana bisa tsawon jirgi ake lissafa shi, shi ya sa jirgin da mai shi ya rantse wa abokansa ya kai mita 7, da an iso gaban akawun tasha sai ka ji ya koma shida da ɗan kaɗan. Mai matsakaicin hali kuwa yakan kama ɗaya daga ƙwallayen roba da ke iyo a bakin kogi, waɗanda aka ɗaure da sarƙa har ƙasan ruwa, yana zaton ya sami banza, sai da safe yana tsakiyar shan shayi ma'aikacin tasha ya iso cikin kwalekwale da littafin rasit. Saura ma'abota tsimi da masu da'awar jarunta, su ne jama'ar anka, wato ƙarfen da ake jefawa ƙasan ruwa don ya riƙe jirgi, kuma a nan maganar take.

Ka sani, ya kai mai karatu, malaman wannan fanni sun yi saɓani mai tsanani a kan wace anka ce ta fi inganci, kuma har yau ba a sami ijma'i ba. Wasu na bin fatawar Geoffrey Taylor, shehin malamin Jami'ar Cambridge, wanda a 1933 ya ƙago ankar CQR mai siffar garma, daga baya kuma aka gayyace shi Amurka cikin masanan da suka yi aikin bam ɗin nukiliya. Wasu suna tare da Richard Danforth Ba'amurke, mai anka mai faffaɗan haƙora biyu, wadda jiragen sauke soja suka yi amfani da ita a Yaƙin Duniya na Biyu, tana kama rairayi da laka ƙam, amma in ta gamu da ciyawa sai ta yi ta santsi. Ga kuma almajiran Peter Bruce, wanda ankarsa mai yatsu uku ta yi suna wajen riƙe manyan dandamalin haƙar mai a Tekun Arewa. Duk wannan hikima ta yaƙi da man fetur, a kan jirgin da babu kome cikinsa sai butar shayi da gwangwanin wake ake kashe ta. Kowane ɓangare yana da hujjarsa, kuma hujjar ba ta wuce cewa shi dai bai taɓa farkawa bisa duwatsu ba tukuna.

Babin igiya ya fi wannan zurfi. Anka ba nauyinta ke riƙe jirgi ba, haƙoranta ne ke nutsewa cikin ƙasa in an ja ta a kwance, saboda haka wajibi ne igiya ta ninka zurfin ruwa sau da yawa. A Ingila ana koyar da ninki huɗu in sarƙa ce zalla, shida in igiya ce da guntun sarƙa. Amurkawa suka ce bakwai. To, teku tana cika tana janyewa sau biyu a yini da dare, wurin da ke da zurfin mita 3 da la'asar yana iya zama mita 7 da tsakar dare, mai bin ƙaulin Amurkawa ke nan sai ya saki mita 49. Daga nan jirgi ya zama akuya a turke, duk inda iska ta juya can zai kewaya, alhali maƙwabcinsa mai gajeriyar sarƙa yana nan kusa bai san abin da ke tafe ba. Al'ada ta ba wanda ya riga sauka haƙƙin wuri, amma al'ada ba ta hana karo.

Lokacin saukar anka shi ne wasan maraice, don waɗanda suka riga isowa sukan zauna bisa jiragensu da kofi a hannu, suna yi kamar faɗuwar rana suke kallo. Maigida na baya riƙe da sitiyari, uwargida na can goshin jirgi rungume da ƙarfe mai laka, iska kuwa tana kwashe rabin maganarsu. Mutumin da a tudu ba ya kiranta sai da "masoyiyata", yanzu sai ka ji ya daka tsawa: "Ke! Saki mana!" Ita kuma ta waiwayo ta ce, "Ai tun ɗazu na saki, kai ne ba ka ja da baya ba!" In a Studland da ke gaɓar Dorset ne ma, sai wani ya leƙo ya sanar da su cikin ladabi cewa tun 2021 hukuma ta roƙi a daina jefa anka cikin ciyawar ruwan wurin, domin wasu ƙananan halittu masu kai irin na doki da ke zaune ciki. A jawo, a sake sabon lale.

Da dare babu barci. Igiyoyi suna dukan doguwar sandar jirgi, ƙwal, ƙwal, har asuba, kowa yana zargin na maƙwabcinsa ne. Can wajen ƙarfe uku iska ta sauya, maigida ya fito da gajeren wando da tocila, yana auna wata bishiya da hasumiyar coci don ya gane ko ankarsa tana jan ciki, ya tarar da maza biyar a jirage biyar kowa da tocilarsa, ba mai ce wa wani uffan.

Wanda ya kuskure lissafin janyewar ruwa kuwa, gari na wayewa zai ga teku ta yi ƙaura ta bar shi bisa taɓo, jirgi ya kishingiɗa, kwanuka sun taru a kusurwa guda, ba kuwa mai ɗaga shi sai ruwa ya komo bayan sa'o'i. A nan ne ake gane cikakken Bature. Ba ya kiran agaji, ba ya duban kowa. Sai ya sa dogayen takalman roba, ya sauko cikin laka har gwiwa da buroshi da bokiti, ya shiga goge cikin jirgin da himma, domin masu wucewa a gaɓa su tabbata da niyya ya kwantar da shi.