Kotun Hoto ta Nima

A Nima da Mamobi hoto ba ya zama hoto sai ya bi ta bes. Bes shi ne inda samari ke zama bayan isha'i, ga benci biyu, ga butar ataya a kan gawayi, kuma nan ce kotun ƙoli ta harkar ɗaukar hoto a duk zangunan Accra. Ba ta da tsayayyen alƙali. Duk wanda waya ta zo hannunsa shi ne alƙali, har sai ya miƙa wa na kusa da shi. Sharaɗin zama masani a nan shi ne mutum ya iya buɗe yatsu biyu a kan gilashi, ya zuƙo fuska har ta koma ɗigo-ɗigo, sannan ya girgiza kai. Ba a buƙatar ya taɓa ɗaukar hoto da hannunsa. Waɗanda suka taɓa ɗauka ma ana yi musu kallon masu son kai a shari'a.

Wanda ake tuhuma kusan kullum yaro ne da ya tara kuɗi ya je Tip Toe Lane a Circle ya sayo waya ta hannu, ko wanda yayansa na Jamus ya aiko wa tsohuwar Canon, ya wayi gari yana buga sunansa da manyan baƙaƙe a gindin kowane hoto. Tuhumar kuwa ba ta canzawa: "Ka baƙanta ni."

Yaron yana da hujja, ko da yake ba a ba shi damar faɗa. Na'urar awon haske da ke cikin kyamara ba ta san Alhaji ba. An hore ta ne a kan cewa duniya baki ɗayanta toka-toka ce, mai mayar da kimanin kashi 18 cikin ɗari na hasken da ya sauka a kanta, saboda haka in ta ga fari ya yi yawa sai ta rage haske don ta mayar da shi toka. To ga ranar Sallah. An sauko daga idi, an ci abinci, rana ta take tsaka, kuma Accra ba ta kai digiri 6 arewa da layin da ya raba duniya biyu ba, wato hasken daga saman kai yake zubowa. Hula ta yi wa goshi inuwa, goshi ya yi wa ido inuwa, hanci ya yi wa baki. Ƙasa da wannan kuma ga yadi goma na farar shadda sai ɗaukar ido take yi. Kyamara ta duba, ta ga wanda ya fi rinjaye, ta bi shi. Aikin wuyan riga ya fito zare-zare, ana iya ƙirga ɗinkin. Mai rigar kuwa sai haƙoransa. Tela ne kaɗai ke yabon irin wannan hoto, kuma shi ba ya zama a bes.

Matsalar ta girmi yaron. Tun shekarun 1950 kamfanin Kodak na Amurka yake raba wa masu wanke hoto wani kati mai hoton Baturiya, ana ce masa Shirley, da shi ake daidaita kala. In fuskarta ta fito daidai, an gama aiki. Lorna Roth, wata mai bincike a Kanada, ta ruwaito cewa cikin abubuwan da suka sa kamfanin ya gyara fim ɗinsa har da ƙorafin masu sayar da cakulan da masu kayan katako, waɗanda suka ce a hoton talla ba a bambance cakulan mai madara da mai duhu, ko wannan itace da wancan. Ke nan cakulan ne ya shige mana gaba. Tunda Ghana ce ta biyu a duniya wajen noman koko, bayan Kwaddibuwa, muna iya cewa da guminmu aka yi gyaran. Daga baya kamfanin Transsion na birnin Shenzhen, mai Tecno da Infinix da itel, ya daidaita kyamarar wayoyinsa da fuskokin Afirka, Google ma ya fito da nasa tsarin a 2021. Yanzu waya tana iya nuna mutum da ainihin kalarsa. Kotu ta duba wannan ci gaba, ta lura cewa ainihin kalar ita ce abin da ake ƙara a kai tun farko.

Saboda haka masu hoto suka koma gwaje-gwajen haske, kuma a nan Zongo ya fi unguwannin masu kuɗi kayan aiki. Lungu mai faɗin kafaɗa biyu, bango hagu bango dama, rufin kwano ya tare rana, haske yana gangarowa a hankali daga sama: abin da Turawa ke sayen lema da farin ƙyalle don su samu ke nan, mu kuwa ta cikinsa muke bi zuwa sayen koko da ƙosai. Ana tsayar da mutum a bakin lungu, fuskarsa tana kallon fili, a sa ƙaninsa ya riƙe murfin babbar tukunyar waakye daidai ƙirjinsa don haske ya koma ƙarƙashin haɓa. Idan babu murfi, ana iya tsayar da aboki mai jiki sanye da farar jallabiya a gefe. Gwargwadon faɗinsa, gwargwadon taushin hasken. Ba sai an gaya masa aikin da yake yi ba. A ce masa shi ne na gaba.

Akwai ɗan lokacin da rana ke yin ja kafin ta faɗi, wanda duk mai hoto a duniya yake jira. A nan gajere ne ƙwarai, don rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 6 duk shekara kuma ba ta jan jiki. Ya kuma faɗa daidai lokacin alwalar magariba, shi ya sa yawancin hotunan da suka fi kyau a unguwar na mutane ne masu naɗe da hannun riga suna neman buta. Da hunturu kuwa ƙurar da iska ke kwasowa tun daga kwarin Bodele a Chadi tana tace rana kyauta daga safe har yamma, sai dai leɓe yana tsagewa, wanda wannan kuma sabuwar ƙara ce. Masu hoton da suka yi karatunsu a zamanin dumso, wato yawan ɗauke wutar lantarki, wajen 2015, su ne manyan malaman fannin. Mutumin da ya ɗauki hoton amarya da tocilan waya uku a hannun yara uku, ɗaya yana hamma, fitila mai zobe ba za ta koya masa komai ba.

In haske ya gaza, sai gyara. Dattawa sukan ce ɗauke mutum daga Mamobi a ajiye shi a Dubai bidi'ar yaran zamani ce. Ba haka ba ne. Philip Kwame Apagya na garin Shama ya yi suna da zanannun labule a ɗakin hotonsa, ga jirgin sama a tsaye, ga firji cike da abinci, mutum ya miƙa hannu kamar zai ɗauka, kuma hotunan sun zaga gidajen nune-nune na Turai. Photoshop, da ya fito a 1990, rage kuɗin fenti kawai ya yi. Tun da aka buɗe Masallacin Ƙasa na Kanda a 2021, wanda Turkawa suka gina a kan fasalin masallatan Santambul, tafiya Turkiyya ma ta koma kuɗin tirotiro, wato motar haya. Aikin mai gyara shi ne ya goge tirotiron a baya. Haka babban kwalbatin da ya ratsa tsakanin Nima da Mamobi: a waya ana share shi tas cikin daƙiƙa biyar, da yatsa ɗaya, ba tare da an kafa kwamiti ba.

Fata ce babban fagen. A 2016 hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana ta hana shigo da man bilicin mai sinadarin haidirokwinon, amma dokar ba ta ambaci ɗan layin nan da ake ja da yatsa a Snapseed ko Lightroom ba, kuma shi ba ya bi ta tashar jiragen ruwa ta Tema. Ana jan sa kaɗan, amarya ta ce a ƙara. A ƙara, ƙawarta ta ce a ƙara. Wajen ja na huɗu hanci yake ɓacewa, ya bar ƙofofi biyu a tsakiyar fuska. A nan ne ƙwarewar kotu take bayyana, domin masanin gaske ba ya kallon fuska sam. Gaɓoɓin yatsu yake zuƙowa, da kunne, da bayan wuya, wuraren da mai gyara ya manta, inda amaryar asali take zaune lafiya. Sannan ya duba ƙofar da ke bayan ƙugu. In ta lanƙwashe, akwai magana, don kafintocin Nima suna da laifuffukansu amma ba sa yin ƙofa mai ƙugu.

Ɗaukaka ƙara ana yin ta ne a cikin gida. A kai wa tsohuwa wayar, ta nisanta ta da fuskarta, ta daɗe tana kallo.

"Tubarkalla. 'Yar wa ce?"

"Mma, ni ce fa."

"To. Allah ya ba ta miji nagari."

Daga nan sai a mayar wa mai hoto aikinsa, a ce ya dawo da hanci amma kada ya taɓa hasken. Kuɗinsa kuma sai ya gyara. Ba ya tayar da hankalinsa a kan wannan. Asalin hoton, wanda ba a taɓa ba, yana nan a wayarsa, kowa kuma ya san yana nan, shi ya sa a duk sana'o'in Zongo babu wanda ake biya bashinsa da wuri kamar shi.