Bindigar Auta

Bagobiri ba ya cewa bai iya ba. Ko jirgin sama ka ajiye masa a bakin kasuwar Sabon Birni ka ce ya kai ka Maraɗi, abin da zai tambaya kawai shi ne ina makulli. To ni Bagobiri ne gaba da baya, da tsagena rangaɗa-rangaɗa a kumatu, ga shi kuma malamin makaranta, wanda shi ma ba a san shi da cewa bai sani ba. Ciwo biyu ke nan a jikin mutum ɗaya.

Ɗan ƙanwata, wanda duk gida ke kira Auta, shekararsa 15. Tun da aka rufe layukan waya a yankinmu cikin Satumbar 2021 ya zama gwanin farautar sabis, ya san kowace katanga da kowane reshen dogon yaro da layin Nijar ke kamawa. A irin wannan farauta ce, da daminar 2024, ya kamo wani bidiyo ya kawo mini. Wani Bature ne riƙe da bindiga mai baki biyu, ɗaya bisa ɗaya. Ya yi wata 'yar ƙara, sai wani ɗan faifai ruwan lemo ya fito daga ƙasa a guje, kafin ka ƙifta ido ya mai da shi ƙura. Nathan Hales ne na Birtaniya a gasar Olamfik ta Paris, inda ya fasa 48 cikin 50 a zagayen ƙarshe ya tafi da zinare.

"Kawu, wanga wasa nika son koyo. Kana iya samo man bindigar?"

"Ƙaramin abu na," in ji ni. Ban ma gama kallon bidiyon ba.

Na kwana ina bincike, kuma na ƙaru. Faifan nan faɗinsa santimita 11 ne, nauyinsa gram 105, gudunsa kuwa ya kai na motar da ta samu titi mai kyau. Ana zuba na'urori 15 masu cilla shi cikin wani dogon rami, maharbi ya tsaya mita 15 a bayan ramin, bai san ta wane gefe zai ɓullo ba. Kafin ka kai zagayen ƙarshe sai ka harbi guda 125. A da ma tattabaru masu rai ake saki: a gasar Paris ta 1900 an kashe wajen 300, abin ya yi muni har aka daina. Na ga Abdullahi Al-Rashidi na Kuwait, wanda ya ci tagulla a 2016 sanye da rigar Arsenal, ya sake ci a Tokyo yana da shekara 57. Wannan ya ƙara mini ƙarfin gwiwa, don na ga ni ma ban makara ba.

Daga nan na duba farashi. Bindigogin da manyan 'yan wasan ke riƙewa, irin su Perazzi da Beretta na Italiya, wata ta haura dala dubu goma. Na buga lissafin da naira, na dubi mafi ƙarancin albashi na dubu 70, na kashe wayar na sha ruwa. Ga Dokar Makamai ta 1959, wadda ko bindigar toka ba ta yarda ka riƙe ba lasisi ba. Ga kuma abin da ya fi doka: garin da muke. Wanda ya san abin da gabashin Sakkwato ya gani a 'yan shekarun nan ya san ba wurin da mutum zai ratsa unguwa da bindiga a kafaɗa ya ce motsa jiki zai je ba ne.

Wani sai ya haƙura a nan. Ni sai na ci karo da bayanin da ya cece ni. Ashe a wannan wasa ba tsadar bindiga ce kan gaba ba, dacewarta da jikin mai ita ne. Ba a saiti da ido ɗaya yadda mafarauci ke yi wa zomo, ido biyu ake buɗewa a bi faifan, bindiga ta bi ido da kanta. In ƙotar ta yi tsawo yaro zai riƙa miƙa wuya, in ta yi gajarta babban yatsansa ya daki hancinsa, in inda yake ɗora kunci ya yi ƙasa ƙarfe zai gani maimakon faifai. Shi ya sa maƙeran bindiga na Ingila ke da wata ta gwaji, mai ƙotar da ake ƙarawa a rage, da ita suke auna mutum kafin su yi masa tasa. Na ce madalla. Mu fara da awo, mu sassaƙa ta itace yaro ya saba da ɗauka, kuɗi da lasisi su same mu a hanya.

Na aro tef wurin telan ƙofar gidanmu, na ɗauko taɓarya. Na sa Auta ya lanƙwasa hannu, na auna daga cikin gwiwar hannu zuwa gaɓar manuniya, na rubuta. Na sa ya ɗora taɓarya a kafaɗa ya manna kunci, na zaga ta gaba ina leƙen ƙwayar idonsa, kaji na kallonmu. Sai gwajin ido. Ya miƙa hannuwa biyu, ya haɗa yatsu ya bar 'yar kafa, ya hango bakin randa ta ciki. Ya rufe idon dama, randa na nan. Ya rufe na hagu, randa ta gudu. Wato yaron da hannun dama yake komai, amma idon hagu ne shugaba. Masana suka ce irin wannan gara tun yana ƙarami a mai da shi harbi ta kafaɗar hagu.

Inna, kakarsa, tana zaune tana tsince wake, ashe kunnenta na wurinmu.

"Bahago za ka maishe man da jika? Ni da nis sha wahala kahin ya bar cin tuwo da hagu?"

Na yi mata bayanin ido. Ta ce ita bindiga ko ta dama ba ta yarda da ita ba, don tun zamanin Alƙalawa ba ta yi wa Bagobiri rana ba. Ta jawo labarin nan da kowa ya sani, na ranar da Sarki Yunfa ya ɗaga bindiga zai harbi Shehu Usmanu, wuta ta dawo ta ƙone shi. Na ce, "Inna, wannan rashin awo ne. Da an auna mai ƙotar..." Ba ta bari na ƙarasa ba, ta jefo ni da ludayi.

Akwai wani tsohon masassaƙi a Isa da ya yi suna wajen turmi da akushi da ƙotar galma. Na kai masa zane da awo. Ya juya takardar sama da ƙasa.

"Malam, ƙotar mi ta wagga?"

"Ta bindiga, Baba. Amma ta wasa."

Ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya rage murya ya ninka kuɗi. Ni abin da na ce masa shi ne ya yi mini itace mai siffa, wanda nauyinsa zai kusa kilo huɗu kamar ta gaske. Amma gwani ba ya son a raina aikinsa. Ranar da na koma karɓa na tarar ya sassaƙa ta da ƙirya, ya goge ta da man gyaɗa tana ƙyalli, ya samo bututu biyu na tsohon gadon ƙarfe ya ɗaura ɗaya bisa ɗaya, ya shafe su da baƙin fenti. Har 'yar kunama ya lanƙwasa mata da ƙusa. Tsakani da Allah, in ka hango ta daga nesa sai ka nemi wurin ɓuya. Na yaba, na biya, na cusa ta a buhun taki na ɗaure baki, sai dai buhun ya gaza, bakin bututun ya leƙo kamar taƙi guda.

Hanyar Isa zuwa Sabon Birni ba a yi mata yamma yanzu, kowa ya sani. Na samu motar hantsi, na zauna baya da buhuna tsakanin ƙafafu, na lulluɓe bakin da babbar riga. Tafiya ta yi daɗi har muka iso wani shinge. Jami'in ya leƙo yana duba fuskoki, daidai lokacin da wata baiwar Allah da ke gefena ta ja kwandon kajinta, rigata ta zame.

"Innalillahi! Bindiga!"

Ban taɓa sanin motar nan tana da ƙofofi da yawa haka ba. Fasinjoji suka watse kamar an jefa dutse cikin 'yan tsaki, direba ya riga kowa. Wani dattijo da tun daga tasha yake kukan ciwon gwiwa, shi na hango ya tsallake kwalbati. Ni kaɗai na rage, hannuwa sama, ina kallon bakin bindigogi na gaske, waɗanda ba a yi da gadon ƙarfe ba.

Ban ga laifinsu ba, ko ni ne a wurin abin da zan yi ke nan. Aka fito da ni, aka zaunar a ƙasa, aka zare kayan daga buhu da taka-tsantsan.

"Ta wa ce?"

"Ta ɗan ƙanwata ce, ranka ya daɗe. Shekararsa 15."

Shiru ya ƙaru. Na ga amsar ba ta taimaka ba, na ƙara da cewa horo nake ba shi. Nan ma ba ta taimaka ba. Na ce Olamfik, na ce faifai, na ce Kuwait, na ce a bar ni in nuna bidiyo. Aka miƙo mini wayata, babu sabis ko layi ɗaya, ga Auta mai sanin reshen da ake hawa yana gida.

Sai babbansu ya taso daga inuwa. Ya karɓi abin, ya jinjina, ya ƙwanƙwasa ƙotar da yatsa, ya ja ƙusar nan ta zo masa a hannu. Ya leƙa bututun ya hango rana ta ɗaya gefen. Sannan ya dubi kumatuna da kyau, na ga bakinsa ya fara motsi. Da ya yi magana na ji harshen, na san Allah ya kawo mini ɗauki: Bayarabe ne.

"Ah-ah! Bagobiri! Bawana ne ashe! Wannan ne makamin da za ka yi yaƙi da shi? Haka kakanka ya yi yaƙi?"

A rana ta daban da na rama, don tsakaninmu da Yarabawa ba a barin bashi ya kwana. Ranar kuwa na ce, "Haka ne, ubangidana." Ya ɗora ta a kafaɗa ya manna kunci, ya ce ta yi masa gajarta. Na ce ai ba da shi aka auna ba, na fara yi masa bayanin gwiwar hannu da manuniya, har na ce ya miƙa hannu mu gwada idonsa. Ya gwada kuwa. Na dama ne. Aka kira fasinjoji ɗaya-ɗaya daga cikin gero, aka cire bututun aka riƙe, aka ba ni ƙotar, aka ce in na sake bin hanyar nan da ko muciya ce a buhu in kuka da kaina. Har muka iso gari ba wanda ya yi mini magana a motar, in ban da mai ciwon gwiwa da ya ce in biya shi takalminsa ƙafa ɗaya.

Labari ya riga ni isa gida. Ƙanwata ta tsaya a zaure ta ce, "Yaya, in kana son mu ci gaba da zumunci, ka hidda man ɗa cikin wagga magana." Ƙotar ƙirya kuwa Inna ta karɓe, da ita take daka daddawa yanzu, ta ce ta zauna mata a hannu daidai. Awo ke nan.

Auta ne ya kawo shawarar danƙo. Na so in raina, sai na ga ilimina bai faɗi ƙasa ba, don shi ma danƙo sai an auna. Muka zaɓi reshe mai baki biyu daidai tafin hannunsa, muka yanka roba daga tsohon tif ɗin babur daidai jan da zai kai kuncinsa, baduku ya yanko mana 'yar fata. Ya riƙe icen da dama, ya ja da hagu zuwa ƙarƙashin idon nan shugaba. Harsashi kuwa yumɓu ne ya mulmula ya shanya. Na je wurin masu ginin tukwane na ɗauko ƙananan murafu bashi.

Saura na'urar cilla faifai. Doka ta ce tana cikin rami, mita 15 gaban maharbi, ni kuma ba na wasa da doka. Akwai ramin da aka haƙi ƙasar gini a bayan gidanmu. Na auna, na shiga, na tsuguna da murafu a cinya. Muka yi da shi in ya shirya ya ce "Saki!"

Na farko ya kuskure, murfi ya faɗi ya fashe da kansa. Na biyu haka. Can sai na ji "tas!" a sama, kafin in yi kabbara tsingaro ya zubo mini a ƙeya da cikin riga. Ashe Turawa rufin kankare suke yi wa ramin nasu, abin da bidiyon bai nuna ba. Na daure, don ci gaba ne. Ya fasa wani, ya sake fasa wani, yaran unguwa suka cika bakin rami suna ihu. Sai kuma na ji shiru ya yi yawa. Na jira, ba "Saki." Na ɗaga kai in tambayi lafiya, daidai lokacin da wata kurciya ta taso ta bayana ƙasa-ƙasa, Auta kuma ya riga ya ja.

Kurciyar ta tsira. Ni na yi sallar Juma'a da hula a karkace, don ba ta shiga ta kan ƙullutun da ke goshina. Auta ya rantse saitinsa daidai ne, kaina ne ya shigo layi, kuma bisa ƙa'idar wasan gaskiyarsa ce: na'ura ba ta ɗaga kai.

Yanzu masu shinkafa a fadamar gulbin Rima har rububinsa suke in jan-baki ya sauko, ana biyansa, ya sayi sabuwar roba da kuɗinsa. Cikin murafu goma yana fasa fiye da rabi, ya ce so yake ya kamo Baturen nan. Masu tukwane na bina kuɗi, sun ce ba ƙari sai na biya na baya. Horo dai bai tsaya ba, gurbi ɗaya ne ya buɗe: muna neman wanda zai riƙa shiga rami ranar Asabar da safe. Mai sha'awa ya same ni a gida, ya taho da hular kwano tasa.